Jarrabawar Lasisin Jinya a Filifin: Ba a Ɗakin Jarrabawa Matsalar Take Ba

Sau biyu a shekara, dubban matasa a ƙasar Filifin kan yi sammako su nufi wata makaranta da aka ara aka mayar wurin jarrabawa. Shigarsu iri ɗaya ce, farin yunifom na asibiti da farin takalmi. Abin da ke hannunsu ma kusan iri ɗaya ne: fensir mai lamba 2, da baƙin biro, da doguwar ambulan ruwan ƙasa, da takardar izinin shiga. Haka ake yi a Manila, haka a Cebu da Davao da Baguio da Iloilo da Zamboanga. Ranar farko takarda uku ake zaunawa, rana ta biyu takarda biyu. Kowace takarda tambaya 100 ce, kowace tambaya da amsa huɗu a ƙarƙashinta, ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya cike gurbinta da fensir. Jimilla tambaya 500 ke nan. Wanda ya haye shi ne zai yi rantsuwar kama aiki, a ba shi lasisi, ya samu damar rubuta haruffan RN, wato nas mai rajista, a bayan sunansa. Wanda bai haye ba kuwa, ko da ya kwashe shekara huɗu a jami'a ya fito da digirin jinya, doka ba ta san shi a matsayin nas ba.

Hukumar da ke kula da lasisin ƙwararru a ƙasar, wadda aka fi sani da PRC, ita ke shirya jarrabawar tare da kwamitin jinya da ke ƙarƙashinta. Dokar jinya ta 2002, mai lamba 9173, ita ta shata iyaka. Sai ɗalibi ya samu matsakaicin maki 75 cikin 100 a duka takardun, sa'annan kada ya gaza 60 a ko guda ɗaya. Idan matsakaicinsa ya kai 75 amma wata takarda ta gaza 60, sai ya sake wannan takardar ita kaɗai, kuma a karo na biyu 75 ake nema a cikinta. Hikimar wannan sharaɗi a fili take. Ba a son nas da ya ƙware a kula da mai juna biyu amma bai san abin yi ba idan mai ciwon zuciya ya shiga mawuyacin hali. Takardun sun ƙunshi kiwon lafiyar al'umma, da kula da uwa da jariri, da jinyar masu cututtukan jiki da waɗanda aka yi wa tiyata, da masu larurar ƙwaƙwalwa, da aikin gaggawa.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan Bahaushe da jarrabawar da ake yi a tsibiran da ke can ƙarshen gabashin Asiya? Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Jidda ko Riyad ko Dubai ko Landan, ko ya yi jinyar ɗan'uwa a can, da wuya a ce bai ga nas 'yar Filifin ta zo auna jini ko ɗaura ƙarin ruwa ba. Ta wannan ƙofa ta fito. Filifin ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje, kuma wannan jarrabawa ita ce hatimin farko da ake buga wa kowannensu. Don haka aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana kare majinyacin da ke kwance a asibitin lardi a tsibirin Mindanao na Filifin daga hannun wanda bai iya ba, tana kuma shaida wa asibitin New York cewa wannan kaya ingantacce ne. Kusan duk rikicin da jarrabawar ta shiga daga waɗannan ayyuka biyu ya samo asali, domin ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba.

Tushen abin na komawa zamanin mulkin mallakar Amurka, wadda ta karɓi ƙasar daga hannun Sifen a 1898. Amurkawa ne suka kafa makarantun jinya na farko, irin wadda aka buɗe a asibitin mishan na Iloilo a 1906, suka tsara karatun da Ingilishi, bisa manhajarsu. An yi dokar da ta kafa kwamitin jarraba ma'aikatan jinya a 1919, aka zauna jarrabawar farko a 1920. Ke nan tun kafin ƙasar ta samu 'yanci a 1946, nas ɗinta ya riga ya iya yaren asibitin Amurka da tsarin aikinsa. Da Amurka ta buɗe shirin musayar ma'aikata a 1948, sa'annan Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, sai hanya ta miƙe. A 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta mayar da tura ma'aikata ci-rani wata manufa ta hukuma. Yau kuɗin da 'yan Filifin mazauna waje ke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, kuma nas-nas suna da kaso mai tsoka a ciki.

Wannan ne ya sa cin jarrabawar ba na ɗalibi shi kaɗai ba ne. Sau da yawa wata goggo da ke aiki a California ko Riyad ce ta biya kuɗin makarantar, da fahimtar cewa idan yarinyar ta fita ita ma za ta ɗauki nauyin ƙanenta. Wasu gona aka jinginar. Ranar da sakamako ya fito, sai ka ga an buga ƙaton allon leda ɗauke da hoton yarinya cikin farar hula an rataye a ƙofar gida ko a bakin titi, unguwa duka ta gani. Makarantu ma haka suke yi da ɗalibansu da suka shiga goman farko a ƙasa, domin hukumar PRC tana wallafa sunayen zakaru da kuma yawan waɗanda suka ci daga kowace makaranta. Wannan allo shi ne tallar makaranta na shekara mai zuwa.

A farkon shekarun 2000 Amurka da Birtaniya suka shiga ƙarancin ma'aikatan jinya, suka buɗe ƙofa. Abin da ya biyo baya a Filifin sai wanda ya gani. Makarantun jinya da ba su kai 200 ba a shekarun 1990 suka haura 450 cikin 'yan shekaru. Makarantun koyon kwamfuta da na kasuwanci suka buɗe sashen jinya. Injiniyoyi da akantoci da malaman makaranta suka koma aji. Har likitoci, dubbansu, suka shiga karatun nas domin biza ta fi saurin fitowa ta wannan hanya. A 2004 matashin da ya zo na ɗaya a jarrabawar likitoci ta ƙasa baki ɗaya ya sanar cewa New York zai tafi ya yi aikin nas, jaridu suka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Amma asibitocin koyarwa ba su ƙaru daidai da ɗaliban ba, haka ƙwararrun malamai, tunda su ma malaman suna cikin masu tafiya. Jinya kuwa ba a koyonta a kan allo kawai. Sai ɗalibi ya karɓi haihuwa da hannunsa, ya tsaya a ɗakin tiyata, ya wanke ciwo. Idan ɗalibai goma sha biyar suka kewaye gado ɗaya, mutum biyu ne suka koya, sauran kallo suka yi.

Giɓin da makarantu suka bari shi cibiyoyin bita suka cike. Waɗannan wurare ne masu zaman kansu da ɗalibi ke shiga bayan ya gama digiri, ya biya kuɗi mai kauri, ya yi watanni ana tusa masa tambayoyi da dabarun amsa su. Sun zama babban kasuwanci, har ana tara ɗalibai a silima ko zauren taro don bitar ƙarshe ana saura kwanaki kaɗan. Kowace cibiya da yawan ɗalibanta da suka ci take ado. Inda kuɗi mai yawa ya dogara ga sanin abin da zai fito a takarda, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane inda za a dosa.

Abin ya fashe a jarrabawar watan Yunin 2006. Mutum kusan 42,000 suka zauna, sama da 17,000 aka ce sun ci. Wasu ɗalibai a birnin Baguio ne suka fara kai ƙara cewa sun ga abokan zamansu da kwafin tambayoyin da suka fito, waɗanda aka raba a wasu cibiyoyin bita. Bincike ya tabbatar cewa an fitar da wasu tambayoyin takarda ta uku, ta jinyar cututtukan jiki da tiyata, da mafi yawan tambayoyin takarda ta biyar, ta larurar ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne daga cikin gida ɓarakar ta fito, domin mambobi biyu na kwamitin jinyar, masu rubuta tambayoyin da kansu, aka tuhuma. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa a lokacin, wanda shi ma yana da cibiyar bita, ya sauka daga muƙaminsa.

Daga nan aka shiga tsaka mai wuya, kuma a nan ne nake ganin darasin yake. Mafi yawan waɗanda suka ci ba su ga ko tambaya ɗaya ba kafin ranar. Sun yi karatu, sun ci da guminsu. A ce su sake, an zalunce su. A ce kada su sake, ba wanda zai iya rarrabe mai gaskiya da wanda ya ci da sata, tunda takardar amsa ba ta nuna inda mutum ya samo amsarsa. Hukumar PRC ta nemi hanyar tsakiya, ta soke wasu tambayoyin, ta sake lissafin maki, ta fara rantsar da mutane. Aka garzaya kotu. A watan Oktoba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce mutum 1,687 kawai, waɗanda sabon lissafin ya shigar da su cikin jerin masu nasara, su ne za su sake takardun biyu, sauran a ba su lasisinsu.

A cikin gida magana ta ƙare ke nan, amma ba a cikin gida kaɗai ake karanta wannan lasisi ba. A watan Fabrairun 2007 hukumar CGFNS ta Amurka, wadda ke tantance takardun ma'aikatan lafiya baƙi kafin a ba su bizar aiki, ta ce ba za ta ba kowa daga cikin 'yan Yunin 2006 takardar tantancewa ba sai ya sake takarda ta uku da ta biyar ya ci. An tura tawaga ta roƙa, hukumar ta ƙi sauya matsayi. Shugaba Gloria Macapagal Arroyo ta fitar da umarni aka shirya jarrabawa ta musamman a watan Yunin 2007 ga mai so, dubbai suka koma suka sake zama. Wake ɗaya ya ɓata gari. Matasan da ba su aikata komai ba suka yi asarar shekara guda, wasu kuma asibitocin gida ma suka riƙa ɗari-ɗari da ɗaukarsu da zarar an ga shekarar lasisinsu. Abin lura shi ne, kotun ƙasar ta yanke hukunci, amma hukumar wata ƙasa ce ta yi maganar ƙarshe, saboda can ne kasuwar take.

Gwamnati ta yi yunƙurin ɗaure cibiyoyin bitar, ta ba hukumar ilimi mai zurfi, CHED, ikon sa musu ido. Masu cibiyoyin suka kai ƙara, a 2009 Kotun Ƙoli ta soke umarnin, ta ce faɗaɗa ikon hukuma aikin majalisa ne ba na shugaban ƙasa ba. Cibiyoyin suna nan har gobe.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan, ta soke sakamakon duk wanda ya zauna a wurin, mutum kusan 2,000, har da waɗanda ba a same su da laifi ba. Su ma sai da suka sake zama. Amanar lasisi dukiyar tarayya ce tsakanin duk masu riƙe da shi, mutum kaɗan ke taɓa ta, kowa ya biya.

Abin da ya faru bayan 2006 ya fi satar tambayoyin ɓarna, ko da yake bai yi amo kamarta ba. A watan Agustan 2007 aka fara zama jarrabawar NCLEX, wato ta lasisin jinyar Amurka, a Manila, alhali da sai an je Hong Kong ko Guam ko Saipan. Ana murnar hanya ta ƙara sauƙi sai ƙofar ta rufe. Guraben bizar Amurka suka cushe, jira ya koma na shekaru, Birtaniya ta rage ɗauka, ga karayar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta zo ta ƙarasa. Ɗaliban da suka shiga makaranta lokacin da kasuwa ke ci suka fito lokacin da ta watse. A watan Nuwamban 2009 sama da mutum 94,000 suka zauna jarrabawar lasisi, ƙasa da kashi 40 cikin 100 suka ci. A Disamban 2013 adadin masu ci ya faɗo zuwa kusan kashi 31 cikin 100. Ka duba abin da wannan ke nufi: cikin kowane mutum goma da iyayensu suka biya kuɗin shekara huɗu, bakwai sun koma gida hannu rabbana. Da yawa cikin waɗanda suka faɗi daga makarantun da aka buɗe cikin gaggawa suka fito, akwai ma makarantun da ba su fitar da ko mutum ɗaya mai nasara ba. Laifin bai kamata a ɗora shi kan yaran ba, kan wanda ya ba makarantar izini ya kamata a ɗora shi. CHED ta hana buɗe sababbin sassan jinya daga 2011, amma a lokacin ɓarnar ta riga ta auku.

Waɗanda suka ci ma ba su tsira ba. Ƙiyasin nas-nas masu lasisi da ba su da aiki a wancan lokaci ya haura 200,000. Ƙasashen waje suna neman shaidar cewa mutum ya yi aikin asibiti na shekara biyu ko makamancin haka, guraben aiki kuma babu. Sai wasu asibitoci suka gano wata hanya: nas ya zo ya yi aikin sa kai, ba albashi, wani lokaci ma shi zai biya asibitin kuɗin "horo", domin a ba shi takardar shaidar gogewa. Mai lasisi, wanda ya ci tambaya 500, yana duban dare, yana ɗaura ruwa, yana kwashe fitsarin majinyaci, ƙarshen wata shi ke biya. A ganina wannan cin zali ne tsagwaronsa. Ma'aikatar lafiya ta hana hakan a asibitocinta a 2011, ta ɓullo da shirye-shiryen tura nas-nas karkara na wucin gadi. Dubbai kuwa suka bar sana'ar gaba ɗaya, suka koma kamfanonin amsa kiran waya, inda Ingilishinsu ke kawo musu albashin da ya fi na asibiti.

Maganar albashi ita ce gishirin wannan batu. Dokar 2002 ɗin nan da ta kafa sharaɗin maki 75, ita ce kuma ta ce nas ɗin gwamnati kada albashinsa ya gaza mataki na 15. Sharaɗin maki an aiwatar da shi tun ranar farko, ba ragi ko na ɗigo. Sharaɗin albashi kuwa sai da ya kwashe shekara 17 yana kwance a takarda, ana biyan sababbin nas-nas a mataki na 11. A 2016 majalisa ta yi sabuwar dokar jinya mai ƙarin albashi, Shugaba Benigno Aquino ya ƙi sa hannu. Sai a watan Oktoban 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mataki na 15 shi ne doka. A 2023 wannan mataki ya kama kimanin peso 36,000 a wata, wato dala 650 ko kusa da haka. Wannan na ma'aikatan gwamnati ne. A asibitoci masu zaman kansu, musamman na larduna, da yawa ba sa samun rabin haka. Ƙa'idar ma'aikatar lafiya ita ce nas ɗaya ga majinyata 12 a ɗakin kwanciya na gama-gari, amma ƙungiyoyin ma'aikatan sun daɗe suna kukan cewa mutum ɗaya kan riƙe 20 ko fiye. Wanda ke cikin wannan hali, aka ce masa ga Jamus ko Amurka ko Saudiyya na neman sa da ninkin-ba-ninkin albashinsa, me zai zaunar da shi?

Annobar korona ta zo ta tona asirin komai. A 2020 ba a yi jarrabawar ba sam, sai a watan Yulin 2021 aka dawo. Ga shi kuma ƙarin shekara biyu da aka yi wa karatun sakandare tun 2016 ya sa waɗanda ke kammala jami'a a daidai wannan lokaci sun yi ƙaranci. Ƙasar da shekara goma baya take kukan nas-nas sun yi mata yawa ta wayi gari asibitocinta na rufe ɗakuna saboda babu mai dubawa. A watan Afrilun 2020 gwamnati ta hana ma'aikatan lafiya fita, daga baya ta ƙayyade mutum 5,000 a shekara, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A farkon 2021 wata jami'a a ma'aikatar ƙwadago ta furta cewa za a iya sassauta wa Birtaniya da Jamus wannan ƙayyadewa idan za su bayar da allurar rigakafi, ma'aikatan jinya suka fusata, suka ce su ba hajar musaya ba ne. Suna da gaskiya. A can Amurka kuwa, ƙungiyar nas-nas mafi girma ta ƙasar ta ba da rahoton cewa 'yan asalin Filifin kashi 4 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan jinya, amma sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na nas-nas ɗin da cutar ta kashe, saboda da yawansu a ɗakunan masu tsananin ciwo suke aiki.

A wannan yanayi ne sabon ministan lafiyar Filifin na lokacin, Teodoro Herbosa, ya kawo shawara a watan Yunin 2023: a ba waɗanda suka samu maki 70 zuwa 74 lasisin wucin gadi, su cike guraben nas kusan 4,500 da ke fanko a asibitocin gwamnati, kafin su sake zama su ci. Hujjarsa tana da ɗan ƙarfi. Tsakanin mai 74 da mai 75 tambayoyi kaɗan ne cikin 500, kuma gadon da babu nas ya fi haɗari a kan gadon da ke da nas mai 74. Hukumar PRC ta ce doka ba ta ba da wannan dama ba, ƙungiyoyin jinya suka ƙi amincewa, aka koma kan wani shiri na ɗaukar irin waɗannan ɗalibai a matsayin mataimaka masu aiki ƙarƙashin kulawar mai lasisi, ana kuma taimaka musu da bita.

Ni ina tare da waɗanda suka ƙi. Dalilina ba wai maki 75 wani abu ne da ba ya taɓuwa ba. Dalilin shi ne shawarar ta kuskure inda ciwon yake. Ma'aikatar lafiyar da kanta ta ƙiyasta cewa nas-nas masu lasisi kimanin 316,000, wato kusan rabin waɗanda take lissafi da su, suna aiki a ƙasashen waje, ban da dubban da ke cikin ƙasar suna wasu sana'o'i. Ƙasar da ke da wannan taro na masu lasisi ba ƙarancin masu cin jarrabawa ke damunta ba. Guraben nan 4,500 ba don an rasa mai 75 suke fanko ba, sai don mai 75 ɗin ya duba albashin da nauyin aikin ya ga ba zai iya ba. Idan aka cike su da masu lasisin wucin gadi, abu biyu zai faru. Talakan da ba shi da zaɓi sai asibitin gwamnati shi za a bar wa waɗanda ba su kai ba, ƙwararrun su tafi jinyar masu kuɗin wasu ƙasashe. Sa'annan za a samar da wani rukuni na ma'aikata masu arha da ba za su iya fita ba, ba kuma za su iya ɗaga murya ba, abin da zai rage wa masu asibitoci matsin ƙara albashi. Ranar da mai 74 ɗin ya sake zama ya ci kuwa, shi ma filin jirgi zai nufa.

Akwai kuma tambayar da ya dace a yi wa jarrabawar kanta. Tambayoyi 500 na zaɓi suna auna abin da mutum ya sani da yadda yake tunani a kan takarda. Ba sa ganin hannunsa lokacin da yake neman jijiya a jikin jariri, ba sa jin yadda yake yi wa tsohuwa magana. Wannan ɓangare an bar wa makarantu, su ke shaida cewa ɗalibi ya yi aikin asibiti da ake buƙata. Ke nan ingancin lasisin ya rataya ne a kan gaskiyar makarantun da sa idon CHED, kuma a nan ne aka fi yin sakaci a shekarun 2000. Ita Amurka a watan Afrilun 2023 ta sauya fasalin NCLEX, ta ƙara tambayoyin da ke bin halin majinyaci ɗaya mataki-mataki don a ga yadda nas ke yanke shawara.

Ga iyayenmu da ke tura 'ya'ya karatun jinya a Filifin, kuma suna da yawa daga Nijeriya, akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a biya kuɗin jirgi. Dokar 2002 ta keɓe jarrabawar ga ɗan ƙasa, ko baƙon da ƙasarsa ke ba nas ɗin Filifin irin wannan dama. Digiri daban, lasisi daban. Wanda ya dawo gida da digirin sai ya bi ta hannun hukumar jinya da ungozoma ta Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci. Kuma tunda PRC na wallafa sakamakon kowace makaranta, ba hujjar a kai yaro inda kashi ɗaya cikin biyar ke ci.

A 'yan shekarun nan alƙaluman sun juya. A Nuwamban 2022 kusan kashi 74 cikin 100 suka ci, a Nuwamban 2023 kashi 80, a Nuwamban 2024 kusan kashi 85, wato sama da mutum 29,000 cikin 34,000 da ɗoriya. Wani ɓangare na dalilin shi ne makarantu marasa ƙarfi da yawa sun rufe sashen a shekarun da kasuwa ta mutu, kuma yawancin masu zama yanzu sababbin kammalawa ne, waɗanda a kullum sun fi masu maimaitawa ci. Sai dai a watan Yulin 2022 CHED ta ɗage haramcin buɗe sababbin sassan jinya, ɗalibai kuma sun sake tururuwa saboda ƙasashen Turai da Amurka sun dawo neman ma'aikata. Sharuɗɗan da suka haifar da cunkoson shekarun 2000 suna sake haɗuwa, kuma abin da zai bambanta wannan karo da wancan shi ne ko za a hana makarantar da ba ta da asibitin koyarwa ɗibar ɗalibai.

Nijeriya ta gwada nata salon riƙe ma'aikata a watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar jinya ta ce sai nas ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, bayan ta bayyana cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Filifin ta riga mu gwada ƙayyade fita, kuma ga abin da ya biyo baya: a 2023, shekarar da ma'aikatar lafiyarta ke cewa tana da giɓin nas sama da 100,000, 'yan ƙasar sama da 36,000 ne suka zauna NCLEX a karon farko, adadin da ya zarce na 2007, lokacin da aka ɗauka guguwar fita ta kai maƙura.